Motar Mu'awiyya a Ƙarƙashin Tamfol

Gubuchi,
Ƙaramar Hukumar Makarfi.

Zuwa ga ƙanena Ja'afar,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Badi'a da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Allah ya tsare ku, ya ba da sa'ar abin da aka je nema, ya dawo mana da ku lafiya. Ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Mu'awiyya, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari, mu kuma idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Mu nan sai godiya. Inna tana nan da ciwon ƙafarta, abinci ma sai an yi da gaske take ci. Bayan la'asar takan jawo tabarma bakin zaure ta zauna, kuma duk motar da ta wuce sai ta ɗaga kai, ko da yake ta san ba shi ba ne. Baffa Malam Muhammadu Auwalu yana Kudan, idonsa ya yi sauƙi, ya koma ba da karatu. Masara ta yi kyau bana, dawa ma tana tafe, barkono ne dai ruwan Agusta ya lalata wa mutane da yawa. Farida ta fita takaba, an yi sadaka. Ta rame ƙwarai, in ka gan ta sai ka sake dubawa. Zayyad da Mukarrama suna zuwa makaranta, Samira kuwa da ubanta ya bari tana rarrafe yanzu ta fara tsayawa da bango.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya. To, dalili ke nan. Duk ranar da na kira ka muka gaisa, murya tana fita tas, amma da na ambaci motar Mu'awiyya sai ka ce ba ka ji na sosai, sai layi ya yanke. Na san layin Gubuchi ba shi da kirki, amma ban san ya iya zaɓen maganar da zai yanke ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba Musa mai kai masara Fatakwal ya danƙa maka hannu da hannu. Maganar mota ce, amma abin da ke ƙarƙashinta ya fi mota. Magana ce ta 'ya'yan Mu'awiyya: ko su tashi ɗaki ɗaya da uwarsu, ko a raba su gida-gida.

Ga abin da ya faru. Da Farida ta fita takaba, mahaifinta Malam Ahmadu ya zo daga Malikanchi ya zauna da Baffa. Mutumin kirki ne, bai zo da faɗa ba. Ya ce shi ba zai bar 'yarsa a gidan da babu mai nema ba, ta zama kaya a kan tsohuwa mai ciwon ƙafa, kuma shi ma ba shi da ƙarfin riƙe mutum huɗu. Ya ce da an gama kai amfanin gona gida zai zo ya ɗauke ta da Samira, tunda tana shan nono, manyan biyu kuma dangin uba su san yadda za su yi. A nan take aka fara rabo da baki: Zayyad ya tafi Kudan wurin Baffa, Mukarrama ta dawo wurina. Ina bayan ƙofa ina ji, kamar ana raba 'yan tsaki. Sai Baffa ya ce akwai mota, kuma Sada ɗansa ya yi alkawarin zai ja ta, abin da aka samu ya shiga gidan. Malam Ahmadu ya ce in har mota za ta fita aiki a kakar nan, ya ga yara suna ci suna sha, shi ba shi da ta cewa, Farida ta zauna ta riƙe 'ya'yanta. Ita ma abin da take so ke nan, ta faɗa mini da bakinta tana kuka.

To motar fa? Bari in ba ka labarinta tun daga farko, don akwai abin da ba a faɗa maka ba. Ka san a cikinta aka dawo da gawar Mu'awiyya daga asibiti, Sada ne ya tuƙo. Abin da ba ka sani ba shi ne aikin da ta yi kafin nan. A makon da ciwon ya kayar da shi, jigilar takin zamani yake ta yi daga Makarfi zuwa ƙauyuka, don lokacin zuba wa masara ne, kowa na rububi. Ka san ɗan'uwanka da lodi: ya kwantar da kujerun baya, ya cika but, ya ɗora buhu har kujerar gefensa, in ka yi magana ya yi dariya ya ce mota ba amarya ba ce. Buhun taki kuwa ba ya rasa huji. 'Ya'yan takin nan farare sun zube sun shige ƙarƙashin kafet da ƙarƙashin kujeru da kowane lungu, shi kuma bai samu ranar sharewa ba.

Washegarin jana'iza matan gida da maƙwabta suka yi wa motar abin da ake yi wa ɗaki da tabarmar da mamaci ya kwanta a kai, wato suka wanke ta. Bokiti-bokiti aka sheƙa mata ruwa da garin sabulu, ciki da waje, aka share wanda ido ya gani da tsintsiya. Saman kafet ya sha iska ya yi kamar ya bushe. Da yammar ranar ka kira, kana kuka har ba a gane maganarka sosai, ka ce kada wanda ya taɓa motar nan sai ka zo. Ka kuma san cewa a gadon asibiti, a gaban Baffa da Sada, Mu'awiyya ya ce 'ya'yansa da motarsa suna hannunka. Saboda haka maganarka ta zama doka. Aka ɗaga gilasai duka, aka kulle ƙofofi, aka tura ta bayan rumbu, aka lulluɓe ta da babban tamfol ɗin shanya, aka danne gefe-gefe da duwatsu don kada yara su hau, don kuma kada idon Inna da na Farida ya riƙa faɗawa a kanta. Aka ba Inna makulli ta ɗaure a bakin zane. Kowa yana ganin an adana dukiyar marayu. Haka sauran damina ta wuce a kanta.

Ban ga laifinka a kan maganar da ka yi ranar ba, Ja'afar, kuma ban ga laifin matan da suka yi wanki ba. Na san abin da ke cin ka. Mu mun ga fuskarsa, mun yi masa addu'a, mun ga an fita da shi. Kai kuwa kafin labari ya iso ka an riga an dawo daga maƙabarta. Kai ka koya masa tuƙi a hanyar Ikara, ina tuna ranar da ya afka gonar raken mutane kuka dawo kuna ta musun wa ya yi laifi. Kana so ka zo ka buɗe ƙofar nan da hannunka, ka tarar da hularsa a inda ya ajiye ta, ka ji ƙamshin turarensa. Na gane, wallahi na gane. Amma abin da kake tsammanin yana jiran ka a ƙarƙashin tamfol ɗin nan ba ya nan.

Ba wanda ya yi niyyar saɓa maka. Masara ce ta zo gida, aka rasa abin shanya, Inna ta ce a ɗauko tamfol a mayar daga baya. Da aka yaye, sai muka ga gilasan sun yi gumi ta ciki, ruwa yana gangarowa. Na leƙa ban ga komai ba sai duhu. Na ce wa Inna ta ba ni makulli, in ka yi fushi ka yi da ni. Da na buɗe, wani wari ya buge ni, irin na rijiyar da aka daɗe ba a ja ba. Kujeru sun yi funfuna. Hularsa tana nan kan kujera, ta yi baƙi ta manne. Duk inda ƙarfe yake a fili ya koma ja: ƙarafan da kujera ke zamewa a kansu, notinan ƙafafun kujeru, sandunan birki da kuloci da totur, hannun birkin hannu, har maratayan ƙofa. A ramin safaya kuwa jak da sifana suna kwance cikin jan ruwa. Na ɗaga gefen kafet, soson da ke ƙarƙashinsa ya jiƙe sharkaf, ga takin nan ya narke ya yi farin ɓawo a kan ƙarfe. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar uku.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, duk garin nan babu wanda bai san abin da taki ke yi wa ƙarfe ba. Wace mace ce za ta bar kwanon da aka ɗebi taki da shi ba ta wanke ta kife ba? Wane manomi ne zai jingina fartanya a jikin buhu ta kwana biyu? Mun sani sarai. Amma mutuwa ta rufe mana ido, muka haɗa taki da ruwa muka rufe su a ɗaki ɗaya da ƙarfe, muka sa duwatsu muka danne, wai muna kiyaye amana.

Sada ya ɗauko wani mai gyaran jikin mota daga Makarfi a kan babur, Shamsuddeen sunansa, abokin marigayi ne, shi ma da ya ga motar sai da ya juya baya ya share ido. Ya bi ƙasan motar ta ciki yana ƙwanƙwasawa da bakin sukuddireba. Ya ce tsatsa iri biyu ce. Akwai ta sama, wadda in ka kankare za ka tarar da lafiyayyen ƙarfe yana ƙyalli a ƙasa, wannan aikin hannu ne da haƙuri, ko mace za ta iya. Akwai kuma wadda ta riga ta shiga jiki, ƙarfe ya yi ɓawo-ɓawo yana ɓarewa, wannan sai an yanke an yi walda. Ya ce yawancin tamu ta sama ce, mu gode wa Allah, amma tsatsa ba ta hutu, kuma muddin takin nan yana manne, ko rani aka shiga zai ci gaba da jawo danshi yana ci.

Na tafi Kudan da kaina na faɗa wa Baffa. Ka san shi da tsoron dukiyar maraya, ko allurarsu ba ya so ta kwana a ɗakinsa. Ya ce tsare dukiya daga lalacewa ba cin ta ba ne, don haka duk abin da hannu zai iya a cikin gida a yi. Amma fita da ita daga gida, ko sa mata wuta a yanke a liƙa, ko ba da ita ta yi haya, wannan ba zai yi izini ba, domin wasiyya a wuyanka take, kuma kana raye da bakinka. Na ce masa bakin naka ne ba ya buɗuwa. Ya ce to in nemi hanyar buɗe shi. Na dawo ina jin haushinsa, ina jin naka, ina jin na kaina, amma na san gaskiya ya faɗa.

Muka shiga aiki, ni da Farida da Sada. Sada ya kwance kujeru, wasu notinan sai da aka jiƙa su da kananzir suka kwana kafin su yarda su juya. Muka fitar da kafet muka shanya a kan katanga, soson kuwa ya ruɓe, zubar da shi aka yi. Muka kwashe ɓawon takin a bushe da tsintsiya da cokali, sannan muka goge wurin da tsumma mai ɗan danshi, muna matsewa muna sakewa, don Shamsuddeen ya ja mana kunne kada a sake ganin bokiti kusa da ita. Daga nan sai kankara. Burushin ƙarfe da farko, sannan samfefa mai kaushi, sannan mai laushi, har sai jan ya tafi farin ƙarfe ya fito. Ƙananan notina da sifana da maratayai muka jiƙa su a ruwan tsamiya mai kauri kamar yadda muke yi wa tsofaffin wuƙaƙe, da safe muka cuɗe, muka ɗauraye, muka shanya a rana har suka yi zafi, muka shafa musu mai nan take, don in ka bar su tsirara kafin azahar sun sake yin ja. Inda muka kankare a ƙasan mota Sada ya goge ƙurar, ya bar ƙofofi a buɗe rana ta gasa, ya shafa jan fentin nan da ake fara shafa wa ƙofar ƙarfe, da ya bushe ya bi da baƙi. Ƙarafan kujera da gindin birki da kuloci ya cika su da giris. Hannuwanmu sun yi kanta, farcena har yau ja ne. Farida kuwa in ta kama aiki ba ta ajiye burushi. Wata rana na ce ta huta, ta ce in ta tsaya tunani ne zai cinye ta, gara ta kankare.

Na kuma kafa wa Sada sharuɗɗa tun yanzu, ko da Allah zai sa ta fita. Ba a ɗora taki ko gishiri ko ɗanyen kaya sai an shimfiɗa leda mai kauri, kuma ranar da aka ɗauka ranar za a share. Ba a wanke cikinta da bokiti, tsumma ya isa. In ruwa ya shiga, a ɗaga kafet a shanya, kada a ce saman ya bushe. Robar bakin ƙofar baya da ta tsage a canza ta. Maigidana ya kafa mata rumfa ta kara da kwano, a can za ta riƙa kwana da gilashi a ɗan sassauce don iska ta ratsa, tamfol kuwa ya koma wa masararsa. Na ɗura gawayi a tsohon buhu na tura ƙarƙashin kujera saboda danshi. Sada ya yi dariya ya ce Yaya Atika ta zama makanike, na ce wuya ce ta koya mini.

Da aikin ya tsaya nan, da wannan takarda ta murna ce. Amma akwai wuri ɗaya. A gefen direba, daidai inda yake ajiye diddigensa, nan ruwan ya fi taruwa, nan kuma takin ya fi yawa. Farida ce take kankare wurin. Tana cikin gogawa sai burushin ya nutse, ta cire, ta sa yatsa, yatsan ya wuce. Muka leƙa muka ga ƙasar tsakar gida ta cikin mota. Farida ta ajiye burushin ta shiga ɗaki. Shamsuddeen ya dawo ya duba, ya ce ramin da muke gani kaɗan ne, duk kewayensa ya mutu, kuma yana tafiya wajen inda ƙafar kujera take ɗaure. Ya ce ba zai yarda kowa ya zauna a kujerar nan ya ɗauki mutane da lodi a hanyoyinmu ba sai an yanke an sa sabon ƙarfe. Aikin ba mai yawa ba ne in an yi yanzu, amma a garejinsa na Makarfi za a yi, inda wuta take. Wato daidai abin da Baffa ya ce sai da izininka.

Yanzu motar tana nan a rumfa, cikinta fes, an sa mata batir ta tashi, injinta lafiya lau. Ranar da Sada ya tayar da ita Inna ta fito ba mayafi. Amma motar ba ta isa ta ƙetare ƙofar gida ba. Kullum motoci suna wucewa da masara da tumatir zuwa kasuwar Makarfi, kakar da muke magana tana tafiya. Sada ma wani mai mota a Kano yana nemansa, yana ta ja masa rai saboda mu, kuma shi ma mai iyali ne, ba zan ce ya jira har abada ba. Malam Ahmadu ya aiko a gaishe mu, ya ce ya fara yankan dawa. Ka san abin da wannan gaisuwa take nufi.

Ja'afar, ba na neman kuɗinka, ba na kuma neman a raba gado. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In za ka iya zuwa, ka zo, zumunta a ƙafa take, Inna ma tana bukatar ganin ka fiye da yadda take faɗa. In aiki ba zai bar ka ba, ka kira Baffa ka ce ka yarda a kai ta Makarfi, ka yarda Sada ya ja ta. Iyakar abin ke nan. Da Mu'awiyya ya ce 'ya'yansa da motarsa suna hannunka, 'ya'yan ya fara ambata. Yaran nan sun fara ji a jikinsu. Mukarrama ta daina yarda ta kwana gidana ko da wasa, ita da take kuka in an ce ta koma gida. Zayyad ya tambaye ni ko a Kudan ana barin mutum ya zo ganin ƙannensa ranar Juma'a. Ban san wanda ya faɗa masa ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce Allah ya yi maka albarka, ta ce kada in yi maka faɗa, na ce to. Baffa yana gaishe ka, maigidana da Sada suna gaishe ka. Farida tana gaishe ka da Badi'a, ta ce a gode mata da atamfar da ta aiko. Ka gaishe mini da Badi'a da kyau, ka shafa mini kan Halimatusa'adiya da ƙannenta, ka ce Gwaggo tana nan da ƙuli-ƙulinsu. Hular na wanke ta, ta fita, tana cikin akwatin Inna tana jiran ka.

Abu na ƙarshe. Za ka ji wani abu a ƙunshe cikin ƙyalle a ƙasan ambulan ɗin nan. Ka buɗe a hankali a kan takarda, don yana marmashewa. Ɓawon ƙarfen motar ne, daga inda ƙaninka yake ajiye ƙafarsa na ɓaro shi, da yatsu biyu, ban ko yi ƙarfi ba. Ka ce kada a taɓa motar sai ka gan ta. To ga ta nan na aiko maka, ka gani.

Wassalam.

Yayarka,
Atika.